Tarwaɗar da Ta Durƙusa

Da an ɗora hular-gani ta wasan kwamfuta a ka, sai ɗaki ya ɓace, kogi ya shimfiɗu. A ƙasan ruwan akwai wata tsohuwar tarwaɗa mai gashin baki, tana ba 'yan wasa shawara. Kamfanin Zaurance ya rantse a talla cewa ƙwaƙwalwar inji ce ke magana a bakinta, babu hannun ɗan Adam. Rabin birnin Sabuwar Gada ya sayi wasan saboda ita.

Gaskiyar ita ce injin bai taɓa aiki ba. Ma'aikata ɗari uku ne a wani bene, kowa da makirufo mai sauya murya, su ne ke magana a bakin tarwaɗar. Haladu na cikinsu, amma a gida an san shi da injiniya.

Wata Laraba da hantsi aka haɗa shi da sabuwar 'yar wasa. Tana yin sallama ya gane muryar. Hajiya Lantana ce, surukarsa.

"Ke tarwaɗa, an ce kin san komai," in ji ta. "Mijin 'yata nake son ki auna mini. Kullum babbar riga, amma ko fanka bai iya gyarawa ba."

Haladu ya amsa da muryar tarwaɗa: "Lissafina ya nuna mutumin kirki ne, mai haƙuri."

"Haƙuri? Wanda ke cinye naman miya kafin yara su zauna?"

"Sau ɗaya ne, Inna! Kuma ƙashi ne!"

Kunya ta sa ya zame daga kujera ya durƙusa, na'urar da ke bin motsin jikinsa kuwa ta kwafa. Tarwaɗa ta naɗe jela, ta sunkuyar da kai.

"Haladu?"

"Ina kwana, Inna."

Kafin la'asar hoton tarwaɗar a durƙushe ya zaga gari. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya sallami ma'aikatan, Haladu ya koma koyon gyaran fanka. Bayan shekara biyu masu kamfanin suka gina injin na gaske, wanda ya ci dukiyarsu kaf, kuma yana aiki yadda suka faɗa tun farko.

Ba wanda ya yarda. Duk wanda ya shiga kogin sai ya leƙa bakin tarwaɗar ya ce, "Bawan Allah, ɗan wace unguwa ne kai? Suna dai ba ka abinci ko?"

Injin ya yi ta rantsuwa shi inji ne, har aka rufe kamfanin.