Birnin Tudu a Bakin Teku

"An kama Bafulatanin naki a tasha."

Mufida ta saki takardun da ke hannunta, suka watse a ƙasan shagon. Sadi, ɗan ƙanin babanta da ya daɗe yana neman aurenta, yana jingine da ƙofa yana sakace haƙori hankali kwance.

"Wa... wa aka kama?"

"Zaharaddini mana! Yana saukowa daga motar Bakura 'yan sa-kai suka yi ram da shi. An ga littahin da yake tsara ma ɓarayin daji yadda za su shiga garuruwa."

Littafi!

Ta fizgo durowar teburinta. Wayam. Tsohon littafin nan mai koren bango da ta adana tun da ya cika, babu shi babu dalilinsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Wata takwas ke nan da fara abin. Zaharaddini malamin kwamfuta ne a wata makaranta a Bakura, iyayensa kuma suna Maradun. Wata Talata ya shigo shagon buga takardun da take aiki a Talata Mafara, yana jiran a buga masa tambayoyin jarrabawa, sai ya buɗe kwamfutarsa ya kama wasan yaƙin Rumawan zamanin da: ka gina gari, ka tara abinci, ka tura runduna. Mufida uwar karambani ta leƙa ta ce, "Malam, wannan rundunar taka yunwa za ta gama da ita kafin ta ga abokan gaba."

Haka kuwa aka yi.

Daga nan suka mayar da daular tasu ta su biyu, karɓa-karɓa. Kowa ya buga zagaye goma, ya adana a filash, ya rubuta wa ɗan'uwansa abin da ya yi a littafi, ranar Talata a yi musaya. Doka ɗaya suka kafa: ba mai goge abin da wani ya buga, komai muninsa. Da sunayen biranen Rumawa suka dinga harɗe mata harshe, ita da kanta ta sake musu suna. Wannan Garbadu, wancan Maradun, na bakin ruwa kuma Birnin Tudu. Har dariya suka yi ranar.

Yau ga inda dariyar ta kai su.

"Ki zauna inda kike," in ji Sadi, ya sassauta murya. "Rabin rubutun naki ne, Mufida. In kika buɗe baki, da ke za a haɗa. Ga Baba yana can ofishin 'yan sa-kai, kin kuma san abin da ya ce."

Ta sani sarai. Lokacin da Zaharaddini ya aiko neman izini, babanta Malam Tijjani cewa ya yi ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda bai san da wa danginsa ke gaisawa a daji ba, ya kuma hana ta ko kallon inda yake. Ita kuwa ta ci gaba da karɓar filash duk Talata. Soyayya dai ba ta da kunne.

Ta rungumi kwamfutar shagon ta fita a guje.

Rana na tsakar ka. Kowa a garin ya san inda ake kai wanda aka kira infoman ɓarayin daji, kuma ba a cika ganin dawowarsa ba. Takalminta ɗaya ya tsinke a gaban masu yankan rake, ba ta ko waiwaya ba.

A ƙofar ofishin 'yan sa-kai mutane sun yi cincirindo. Ta kutsa.

Yana zaune a ƙasa, hannuwansa ɗaure ta baya, leɓensa ya fashe, farar rigarsa duk jini. Ɗantala, shugaban 'yan sa-kai, yana tsaye a kansa da koren littafin. Dattawa uku na kan benci, na tsakiya babanta ne.

"Saurara ku ji!" Ɗantala ya ɗaga murya. "'Na ajiye mutum ɗari huɗu bayan dutse. Ke ki tare hanyar Birnin Tudu, in abincinsu ya ƙare sai mu shiga.' Kai! Karo na ƙarshe, wace ce wannan da kake ma rubutu?"

"Na gaya maka wasa ne, ranka ya daɗe. Ga filash nan gabanka."

"Sunanta nake tambaya!"

Zaharaddini ya sunkuyar da kai. "Ba ni faɗi."

Wani ya ɗaga gora.

"Ni ce!"

Kowa ya waiwayo. Zaharaddini ya ɗago, idanunsa suka cika da tsoron da bai nuna wa gora ba.

"Mufida, don Allah koma... Rabin raina, koma!"

"Ba inda za ni." Ta durƙusa gaban benci. "Baba, ka gafarce ni, na saɓa maka. Rubutuna ne. Ni na sa ma garuruwan suna. Kawu Ɗantala, ka ba ni filash ɗin nan minti biyar, in ƙarya nake ka ɗaure mu tare."

Malam Tijjani ya kau da kai. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ɗantala ya miƙo mata filash ɗin, ta soka a kwamfutar. Batirin saura kaɗan. Ya Allah, kar ta mutu yanzu! Allon ya yi baƙi, ya daɗe a haka har wani ya yi tsaki, sannan taswira ta buɗe.

Ɗantala ya ranƙwafo. "Wannan shuɗin hwa?"

"Teku ne."

"Birnin Tudu a bakin teku? Har da jiragen ruwa?"

"Ga mutum ɗari huɗun can bayan dutse har yanzu. Ƙirga su."

Ta danna, sai ga 'yan mitsi-mitsin sojoji masu jajayen garkuwa suna tafiya a jere, giwaye biyu na bin su a baya. Wani daga cikin taron ya tuntsire da dariya. Ɗantala bai yi ba.

"Wanda ya kawo muna littahin ya rantse bai san da wani wasa ba. Ya ce taswirar hari ce kuke ɓoyewa."

Mufida ta juya. Sadi ya biyo ta, yana raɓe a bayan mutane.

"Kawu, duba ko akwai shafin da aka yage."

Ya duba. Akwai.

"Shafin Sadi ne," in ji ta. "Ranar ya roƙe ni in bar shi ya buga zagaye ɗaya, ya kuma rubuta da hannunsa, shi ya sa ya yage. Ya kashe mana runduna guda, ya kafa wani ɗan ƙauye. Na so in goge, Zaharaddini ya ce doka doka ce, ba mai goge abin da wani ya buga."

Ta ja taswirar gefe. Ga ƙauyen nan a tsakiyar fadama, da sunansa ɓaro-ɓaro: Sadi Mai Nasara.

"Kai, ku tare min shi!" Ɗantala ya daka tsawa. "Ɗan banza, da hannunmu ka so mu kashe bawan Allah?"

Aka kwance Zaharaddini. Mufida ta fashe da kukan da take ta dannewa. Tana ƙoƙarin rufe kwamfutar sai hannun babanta ya tare ta.

"Tsaya. Wancan babban birnin na tsakiya, mi aka rubuta a kansa?"

Ba ta ga zagayen Zaharaddini na wannan makon ba sai yanzu. Birnin Rum ne, wanda ba su taɓa sake wa suna ba. Ta karanta, kunya ta rufe ta, ta kasa furtawa.

Malam Tijjani ya karanta da kansa, a hankali: "Gidanmu Ni Da Mufida, In Baba Ya Yarda."

Ya dubi leɓen Zaharaddini da ya fashe.

"Tun shafin farko na gane rubutun ɗiyata," ya ce. "Na yi shiru don tsoro, ina kallo ana dukanka. Kai kuma ka yi shiru don kar a taɓa ta. Ka yafe min, yaro."

"Baba, ba komai wallahi..."

"Akwai komai." Ya share ido da bakin rawani, ya dubi Mufida. "Kin ce ba mai goge abin da wani ya buga?"

Ta gyaɗa kai.

"To, ni ma ba ni gogewa. Ka gaya ma magabatanka su taho daga Maradun ranar Juma'a."

Kwamfutar ta yi ɗan ƙara ta mutu. Mufida ta zare filash ɗin ta damƙe a tafin hannunta, tana kuka tana dariya.

Zaharaddini ya yi murmushi da fasasshen leɓensa.

"Riƙe da kyau, gimbiyata. Zagayenki ne."