Baƙon da Ya Zo Ganin Komadugu

Cikin zafin watan Afrilu Yasmin ta fito daga gonar mahaifinta da buhun busasshen tattasai a ka, idanunta na yaji, wuyanta kamar ya karye. A tsakiyar rairayi ta hangi wani saurayi da jaka a baya, takalminsa fes, yana ta waige-waige kamar wanda akuyarsa ta ɓace.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji shi. "Don Allah ina kogin yake?"

"Wane kogi?"

"Komadugu."

Ta sauke buhun, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Malam, ai a cikinsa kake tsaye."

Bawan Allah ya dubi ƙafafunsa, ya dubi yashin da ya miƙe gabas da yamma, ya riƙe baki. Yasmin da ta manta rabonta da dariya, sai da ta zauna a kan buhun nan tana share hawaye.

Sunansa Rufa'i, ɗan wani mai kanti ne a kasuwar Damagaram. Tun yana yaro yake auna shinkafa da sukari, har ya gaji da ganin ma'auni. Wansa da ke karatu a ƙasar Lituwaniya ya je yawo wani ƙaramin gari a bakin kogi, ya turo masa hotuna: gada, tsofaffin gidaje, mutane zaune a bakin ruwa ba sa yin komai. Rufa'i ya ce ai mu ma muna da kogi a Diffa, ya hau mota. Ba wanda ya gaya masa cewa Komadugu yakan ƙafe da rani.

"Ƙungiyar agaji kake wa aiki?" ta tambaye shi.

"A'a."

"Tattasai ka zo saye?"

"A'a, yawon buɗe ido kawai."

"A Diffa? Kai, Allah ya ba ka lafiya."

Ya roƙe ta lambar wayarta, wai don ta sanar da shi in ruwa ya zo. Ta san ba ruwan kaɗai ba ne, amma ta ba shi.

Bai jira ruwa ba. Yana isa Damagaram saƙo ya shigo: "Gimbiyar yashi, na iso lafiya. Har yanzu takalmana cike suke da kogin ku."

Ta amsa: "Ɗan yawo, ka ajiye mana shi, kayan mutane ne."

Kafin damina ta kankama, abin ya wuce wasa. In ta dawo daga gona jiki duk ya mutu, saƙonsa take fara nema kafin ruwan sha. "Yasmina, kin ci abinci? Ki huta don Allah." Ba wanda ya taɓa ce mata ta huta. Ita ce babba a gidan, ita ke tayar da injin ban-ruwa, ita ke tsinka, ita ke shanya, tun da ciwon baya ya kama mahaifinta, Ba Umara. Ta so Rufa'i, so na gaske, har abin ya ba ta tsoro.

Da kawun Rufa'i, wani mai shago a kasuwar Diffa, ya zo da goro neman izini, Ba Umara ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya mayar masa da goronsa cikin ladabi. Bayan baƙo ya tafi ya kira Yasmin.

"'Yata, mun ga baƙi iri-iri a wannan kwari. Su zo da fararen motoci, su yi tambaya, su ɗauki hoto, su tafi. Waɗancan ma aiki ya kawo su. Wannan fa? Kallo! Ba na ba da 'yata ga mai kallo. Ran da ya ƙoshi da gani zai ɗauki jakarsa."

"Baba, ba haka yake ba."

"Ga Tahir nan, a bakin ruwan nan aka haife shi, ya san wahalarmu."

Tahir maƙwabcin gonarsu ne, mutumin kirki, ba shi da abin zargi. Wannan ne ma ya ƙara mata nauyin zuciya, don ba ta da laifin da za ta ɗora masa. Ta tashi ta koma gona.

Ruwa ya zo a lokacinsa, ta sanar da Rufa'i, amma kanti ya riƙe shi har cikin watan Oktoba. A shekarar kuwa Komadugu bai zo da wasa ba. Kullum sai ya hau, kullum mutane na cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga a bakin gonaki don tare ruwa. Ran da Rufa'i ya sauka a tasha bai nemi kowa ba, ya wuce kai tsaye ya hau wani tudu. Me zai gani? Ruwa iya ganin ido, yana walƙiya a rana.

Yasmin tana cikin laka har gwiwa, jinga ta ɓalle ta wajen gonarsu, ruwa na shiga cikin tattasan da ya fara ja, sai wayarta ta yi ƙara.

"Yasmina! Na iso, na ga kogin ku! Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Allah ya ƙara cika shi!"

Ta karanta. Ba Umara ya tambaye ta wane ne, ta kasa yi masa ƙarya, ta karanta masa. Tsoho ya dube ta kawai, ya ci gaba da jan buhu. Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta rubuta: "Kyawun da kake gani abincinmu na shekara yake ci. Ka ɗauki hotonka ka koma gida. Na gaji, Rufa'i."

Ta kashe wayar.

La'asar ta yi sai ga shi yana tafe a kan jinga, yana zamewa, yana tashi, fuskarsa duk ta canza. Ya durƙusa gaban Ba Umara.

"Baba, na yi wauta. Ban sani ba. A ba ni shebur."

"Koma tudu ka yi kallo, yaro."

Bai koma ba. Ya ɗauki sheburin da wani ya ajiye. Gaskiya dai ba gwani ba ne: rabin ƙasar a buhu, rabi a ƙafar mutane, matasan ƙauye na ta tsokanarsa da Barbarci yana cewa "na gode". Washegari ya dawo, jibi ma haka. Yasmin ba ta yi masa magana, amma in ta kawo kunu sai a ga kofinsa ya fi na kowa cika.

Duk da haka gonar ta tafi. Ruwa ya shanye ta kaf, har da ta Tahir. Ran nan Tahir ya zo gidan Ba Umara, idanunsa jajur.

"Baba, ni kam na gaji da wannan kogi. Zan koma garin Maine wajen ɗan'uwana in gwada kasuwa. In an ba ni Yasmin, can za mu zauna."

Ba Umara ya ce zai yi tunani. Bai ga laifinsa ba, don shi ma da yana da ƙarfin tashi, wa ya sani?

Da safe tsoho ya zaga ta bakin jinga don ganin abin da ya rage. Ya iske Rufa'i zaune a kan buhu, ya kasa miƙewa. Ruwa ya cinye masa ƙafafu, tsakanin yatsu duk ya farfashe, ya yi fari.

"Motar Damagaram ba ta tashi ba ne?"

"Ta tashi, Baba."

"To me kake jira? Gonar da kake karewa ta riga ta tafi."

"An ce in ruwa ya janye ana iya shuka albasa a lakar. Na ce wa kawu zan riƙe masa shago da safe, da yamma in zo. Ban iya ba, amma za a koya mini."

Ba Umara ya daɗe yana kallon ƙafafun nan. Daga nan ya sa aka kamo shi har gida, ya ce wa matarsa Ya Gambo ta kwaɓa lalle a shafa masa, shi ne maganin cin ruwa. Yasmin na tsaye a bakin ƙofa, mayafi a baki.

"Ɗan yawo," ta ce a hankali, "wa ya aike ka?"

"Ke ce. Har yanzu kina fushi?"

"Na gaji da fushin ma."

Ba Umara ya yi gyaran murya. "Ka gaya wa kawunka ya dawo da goronsa."

Bayan ruwa ya janye aka ɗaura aure. Biki ne na shekarar asara, ba shanu ba makaɗa, sai shinkafa da kifi da guɗar mata. Da aka zo tafiya da amarya, Yasmin ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, tana cewa wa zai tayar masa da inji da safe. Tsoho ya dafa kanta.

"Tashi, 'yata. Kin ɗauke ni shekaru, ban taɓa ce miki sannu ba. Sannu, Yasmin. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

Rufa'i ya ce amin, mata suka ce amin. Yasmin ta riƙe hannun mahaifinta har bakin mota.