Fuskar Kuluwa a Kan Yashi

Ku matso. Ke Ladiyo, rufe bakin nan, sauro na neman gidan haya.

Kun san Jatau mai fenti, wanda ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci? Da shi fa mutum ne mai dariya. Sai matarsa Kuluwa ta rasu. Ba ɗa, ba jika. Ko hoto ɗaya ba ta bari ba, ta ce ita ba za ta tsaya a haska ta kamar ƙwai ba.

Tsoronsa ɗaya, kada ya manta fuskarta. Shi ya sa kullum rana tsaka, in gari ya yi tsit, sai ya gangara busasshen rafin nan na bayan gareji. Ya tsuguna. Ya zana ta a yashi da tsinke. Ya yi mata addu'a, ya shafe da tafin hannu.

Shafewar nan dole ce. Ubangidansa ya koya masa: fuskar da ka zana a ƙasa aro ce, in ka shafe ta dawo hannunka. In ka tashi ka bar ta, ƙasa ta riƙe, hannu kuma ya saba da abin da ya bari.

Ran nan ya shafe ke nan, sai ya ji sallama. Wani tsoho ne tsaye gabansa. Amma muryar ta bayan kunnensa take fitowa.

Jatau ya dubi yashi. Sawunsa ne kaɗai. Na tsoho babu.

"Ɗana, zana ni."

"Baba, ni mota nake wa fenti."

"Na ga wadda kake zanawa. Kullum ina nan."

Ni da ni ne, wallahi takalmina ma sai ya riga ni gida. Amma Jatau ƙafa ta ƙi.

Tsoho ya zauna. Ya ce, "Duk wanda ya hange ni gudu yake. Tun ana ruwa a rafin nan ba wanda ya dube ni har ya gama. Ban san kamannina ba."

Sai tausayi ya kama Jatau. Ya san zaman kaɗaici. Ya ɗauki tsinke. Zane kuwa sai da kallo, ya kalle shi sosai. Goshi. Hanci. Idanu masu zurfi kamar rijiya.

Tsoho ya leƙa.

"Ashe haka nake."

Jatau ya ɗaga hannu zai shafe.

"Don Allah bar mini. Ko na yau."

Ya bari. Ya tashi ya tafi.

Tun daga ranar hannunsa ya buɗe. Dawisunsa kamar ya tashi sama. Direbobi har layi suke.

Washegari ya koma rafi, ya tsuguna zai zana Kuluwa. Ya ja goshi. Na tsoho. Ya shafe. Ya sake. Na tsoho. Ya rufe ido ya nemo ta a zuci, ba ta nan.

Shekara tara ke nan. Har yau yana zuwa. Ranar kasuwa ya tare ni ya ce, "Barau, kai ka san Kuluwa. Wushiryar nan, a sama take ko a ƙasa?"

Ni ma na manta.

Kada wanda ya bi rafin nan shi kaɗai da rana tsaka. Ladiyo, ɗauko fitila ki raka ni ƙofa.