Tarwaɗar Cikin Baho

A bakin gulbin Gummi Sahabi ya fara ganin Safara'u, tana taya babanta Malam Ɗanmusa ware kifi. Daga Bukkuyum ya zo neman tarwaɗa mai ƙwai, amma tana ɗago kai ya manta abin da ya kawo shi.

"Kihi za ka saye, ko kallo kaz zo?" ta ce tana ƙunshe dariya.

Tun daga ranar hanyar Gummi ta zama gajeriya a wurinsa. Sana'arsa ita ce matse ƙwan tarwaɗa, ya ƙyanƙyashe shi a baho, ya sayar wa masu kiwo. Da magabatansa suka je neman aure, wannan sana'a ce ta tsaya wa tsohon a wuya.

"Tun kakanninmu cikin gulbi kihi ka haihuwa. Ba ni ba maƙaryaci ɗiyata. Ga Tasi'u mai zinari na Bagega ya aiko. Amma in yaron nan ya gwada min tarwaɗar baho da gashin bakinta kahin kaka, tashi ta."

Ƙwan farko ya ƙyanƙyashe lafiya. 'Ya'yan suka fito sirara kamar zare, kowanne da 'yar jaka rawaya a ciki, guzurin da zai sha kafin bakinsa ya buɗe. Sai dai Inna Hure, mahaifiyar Sahabi, ba ta iya ganin abu mai rai bai ci ba. Yana fita ta barbaɗa musu dusa don tausayi. Ruwan ya yi tsami, suka mutu murus.

Kunya ta sa ya daina ɗaga waya. Safara'u ta ɗauka ya janye, ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta rubuto masa:

"Hasken idona, ka bar wa Tasi'u ni ke nan?"

Ya gaya mata gaskiya. Amsarta ba ta jima ba:

"Kifi ne ya mutu, Sahabina, ni ina nan. Gobe ka tari motar Gummi, na zaɓo maka mai ƙwai da hannuna."

Wannan karon Inna da kanta ta zama mai gadin bahon, ko kaza ba ta isa ta leƙa ba. Sahabi yana sauya ruwa a hankali, bai ba su komai ba sai da jakar ta shanye. Suka yi baƙi, suka fara iyo. Ya riƙa ware manya don kada su haɗiye ƙanana.

Gero na fitar da kai Malam Ɗanmusa ya iso Bukkuyum. Ya durƙusa gaban bahon, ya ɗauko tarwaɗa guda a tafin hannu, ya daɗe yana kallon gashin bakinta. Idonsa ya kawo ruwa, domin shekarun nan komarsa ta kamun kifi kusan wayam take fitowa daga gulbi.

"Na kira ka maƙaryaci, ɗana, ka yahe min. Na ba ka. Abu guda nika roƙo, ka zuba ma gulbina bokiti guda."

Bayan ɗaurin aure ango da amarya suka juye bokitin tare a inda suka fara haɗuwa, tsohon na tsaye yana sa musu albarka. Inna Hure ta matso ta taɓa kafaɗar ɗanta, ƙullin dusa a hannunta.

"To waɗanga hwa, an yarda in ba su?"

"Ba su, Inna," in ji Safara'u. "Sun girma."