Tsohuwa da Ƙudan Zuman Ƙarshe

A can wani zamani, mutanen wani ƙauye suka yi ta ƙona ƙudan zuma, har gida ɗaya ya rage, a kogon wata kuka.

Rannan wata tsohuwa ta hango samari sun nufi kukar da wutar kara, ɗanta ne a gaba. Ta ruga ta tare kogon.

Ya ce, "Inna, matsa, zuma za mu sha!"

"Ba inda za ni."

Ya kawo wutar kusa, har zanenta ya fara hayaƙi. "Inna, matsa!"

"Ba inda za ni. In kun ƙone waɗannan, wa zai haifo wasu?"

Sai ya tusa wutar cikin ƙasa.

Ta ce, "To, ku saƙo musu amya, su yaɗu."