Mai Tsintar Murfin Kwalba

Ranar da ta fara ganinsa, a tsugune yake gaban kantinta yana tsintar murfin kwalaben lemo yana zubawa a leda. Riga a goge, takalmi yana ƙyalli, ga agogo a hannu, amma yana tonon ƙasa kamar kaza. Ta ce a ranta, Allah sarki, ga kyau ga taɓin hankali.

"Bawan Allah, lafiya?"

Ya ɗago ya yi murmushi, ko kunya babu. "Lafiya lau. Lissafi nake koyarwa a firamaren nan ta tsallaken titi. In ba damuwa ki riƙa tara min, jajaye daban, shuɗaye daban."

"Yanzu kuma da murfi ake lissafi?"

"Shuɗi ɗaya ne, ja goma ne. Duk yaron da ya miƙa shuɗaye goma da hannunsa ya karɓi ja guda, ya gane tarawa ke nan, ba sai an daka masa tsawa ba."

Ta yi dariya, ta ce za ta duba. Washegari sai ga gwangwani biyu ta ajiye a gefen firij.

Daga kan kujerarta tana hango filin makarantar. Yau ya zana dogon layi a ƙasa da lambobi, yara suna tsalle gaba in an ce a tara, baya in an ce a ɗebe. Gobe sun ɗauki igiya suna awon baranda. Jibi ana ninke takarda gida huɗu, kowa yana ihu ya gano kwata. Shi kuwa yana tsakiyarsu, gwiwar wandonsa ta yi fari fat da ƙura. Sau nawa mai saye zai yi ta sallama, hankalinta yana can tsallake.

'Yan layin suka sa masa Malam Murfi. Ita ta ɗauke rabin sunan, ta bar Malamina.

Wata rana da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"'Yar kanti, yau wata yarinya da ke kuka duk lokacin lissafi ta roƙe ni kada a tashi. Na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Ina jin na saba da ke fiye da yadda na yi niyya."

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. "Malamina, ni ma haka. Sai ka zo ka gaida Baba."

Baba tsohon akawu ne da ya yi ritaya, mutumin da ko shara zai fitar sai ya sa hula. Ya karɓi gaisuwar da mutunci, amma baƙo na fita ya juyo.

"Wannan ba shi ne nake gani yana rarrafe da yara a ƙasa ba? Mai bin bola?"

"Baba, koyarwa yake yi."

"Mu ma an koyar da mu, ba mu ga malami a ƙasa ba. In aka tambaye ni wa na ba 'yata, in ce wa? Malam Murfi? Ga ɗan abokina da ke aikin banki, yaro kamili, kullum sai ya aiko gaisuwa."

Mama ta sa baki, aka yi ta ja, daga ƙarshe Baba ya kafa sharaɗi. In yaron da gaske yake, ya bar wasannin nan, ya tsaya gaban allo da alli kamar kowane malami mai daraja. Sai a gani.

Ita da bakinta ta kai masa saƙon, kuma abin da ya fi ci mata rai daga baya shi ne har roƙonsa ta yi.

"Na ɗan lokaci ne, Malamina. Don ni."

Ya daɗe yana kallon gwangwanayen gefen firij. "Don ke, zan iya. Ki gaya wa Baba na ɗauki alkawari."

Filin makaranta ya yi tsit. Babu layi a ƙasa, babu igiya. Abin da take ji kawai shi ne muryoyin yara suna maimaita jadawalin sau a tare, babu rai, kamar masu biyan bashi. Wandonsa ya yi tsaf, fuskarsa ta faɗa. In ya zo kanti sai ya yi murmushi, amma ya daina kawo labarin aji, shi da a da ba a iya tsayar da shi. Baba kuma ko sau ɗaya bai sake tada maganar ba, sai ma ɗan bankin da ya fara zuwa da mota.

Ranar da ta karya mata zuciya, 'yan ajinsa ne suka shigo sayen biskit bayan an tashi. Wata yarinya mai giɓi ta ɗago ta dube ta.

"Anti, laifin me muka yi wa Malam? Ya daina wasa da mu. Ko ya daina son mu ne?"

Ta sallame su, ta ja ƙofar kanti, ta zauna kan kwalin sabulu ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Mutumin da ta so a tsugune ta gan shi, ita ce kuma ta miƙar da shi tsaye ta kashe shi. Ta ga hanya ɗaya ce ta rage, ta sake shi ya koma wa yaransa. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Ka yi haƙuri. Na amince da zaɓin Baba. Alkawarinka ya faɗi, ka koma yadda kake. Kada ka ƙara zuwa kanti."

Ƙarya ce, ko kallon ɗan bankin ba ta yi. Amsa ta zo gajeriya:

"Allah Ya sa shi ne mafi alheri, 'yar kanti. Na gode da gwangwanayen."

Ta zauna jiran filin ya sake cika da ihu, ko ta samu abin da za ta rarrashi kanta da shi. Shiru. Mako ya bi mako, filin yana nan a bushe. Malam yakan wuce ta ɗaya gefen titin kansa a ƙasa, ba don tsinta ba. Ta rasa shi, yaran ma ba su same shi ba. Abinci ya daina shiga, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Da ɗan bankin ya gaji da zama a falo shi kaɗai, ya daina zuwa.

Mama ce ta matsa mata har ta ji gaskiya, sannan ta fasa wa Baba. "Ka dubi 'yarka kuwa? Saura idanu. Ta kori yaron nan da ƙarya don kada ya lalace saboda ita. Kai kana nan kana gyara hula."

Da safe Baba ya ce da 'yarsa, "Taso ki raka ni."

Suka tsallaka makarantar, suka tsaya jikin tagar ajin. Malam yana gaban allo yana rubutu, ya ba yara baya. Wasu suna hamma, wasu sun kifa kai, wata yarinya a gaba tana kwafar rubutu, hawaye yana ɗiga kan littafinta. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya yi gyaran murya. Malam ya juyo, ya fito da sauri ya durƙusa. Bai yarda ya dubi inda take ba.

"An ce maka ta zaɓi wani," in ji Baba. "Me ya hana ka komawa wasanninka?"

"Baba, ai ba ita kaɗai na yi wa alkawarin ba, har da kai. Ba ka sake ni ba." Ya sunkuyar da kai. "Kuma ko ka sake ni, wasa yana son mai farin ciki."

Nan ta kasa riƙe kanta. "Ƙarya na yi maka, Malamina. Ban zaɓi kowa ba. So na yi ka koma musu."

Sai a lokacin ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kika bar ni ina ta yi miki addu'ar zaman lafiya da wani?"

"Ka yafe min."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Na yi zaton daraja a tsayuwa take. Na zo na ga an tsaya, ban ga komai ba sai yara suna kuka. Tashi, ɗana. Na sake ka. Ka turo iyayenka."

Kafin su kai bakin ƙofar makaranta, wani irin ihu ya tashi daga ajin, kujeru suna ƙara, ƙafafu suna gudu zuwa fili. Baba ya girgiza kai, ya ce wannan hayaniya dai sai haƙuri.

Bayan hutun zango aka ɗaura aure. Da za ta bar gida, ta durƙusa gaban Baba tana kuka, ango yana gefe. Tsohon ya ɗora hannu a kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Abu ɗaya zan roƙe ki, 'yata. Duk wanda ya sake cewa ki canza mutumin nan, ko ni ne, ki ce a'a."

"Amin, Baba," ta ce. "Na ji."