Sharar Ranar Laraba

Ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe ma'aikacin hukumar gari ya zo ɗaukar akwatin ƙidayar motoci a Titin Brunnen, ya tarar da sandar fitila tsirara. An yanke sarƙa, akwati ya yi ƙafa. Kafin ƙarfe tara Sufeto Gudrun Kurrle tana tsaye a wurin rai a ɓace, kofinta na hucewa a mota.

Shekara uku ke nan da garin Oberlenzach ya sayar wa mazaunansa takardun lamuni don gyaran hanyoyi. Kuɗin sun kusa ƙarewa, saura na wurin tsallakawa mai fitila guda ɗaya, tituna biyu kuma suna nema. Majalisar gari ta ce ba ta jin koke sai alƙaluma, shi ya sa aka ɗaure akwatin nan mako biyu yana ƙirga motoci da gudunsu. Juma'a da tsakar rana za a yanke hukunci. In babu akwati babu ƙidaya, kuɗin kuma sun tafi ɗaya titin ke nan.

Abin da ke ci wa Gudrun tuwo a ƙwarya shi ne, ita da hannunta ta rufe gawar Herr Lemberger da rigarta bara a daidai wannan wuri bayan mota ta buge shi, burodin da ya sayo yana warwatse a kwalta. Gawa ba ta ishi majalisa hujja ba, sai inji ya faɗa. To ga injin ma an sace.

Ta fara da Haug, mai gidan burodi a lamba 16, don kowa ya san in aka yi wurin tsallakawa za a soke wuraren ajiye mota huɗu, masu sayayya kuma ba sa son tafiya da ƙafa. Haug bai ɓoye ba, ya ce ya sa hannu a takardar ƙin amincewa, gobe ma zai sake. Amma akwatin yana nan da ƙarfe shida da ya fito da allon farashi, daga nan kuwa bai bar bayan kanta ba. Gudrun ta tambayi mutum biyar, duk biyar suka shaide shi, har da irin burodin da kowa ya saya. Direban da ke kawo masa fulawa ma ya fita daga zargi, Talata da Juma'a yake zuwa.

Tana fitowa wani dattijo ya tare ta, wuyan rigarsa a goge. Ya ce shi ne Eberhard Pfander na lamba 14, tsohon ma'aikacin ofishin filaye, kuma shi kansa ya sayi takardun lamunin nan, saboda haka kuɗinsa aka taɓa. Ya ce aikin samarin zamani ne, ya ba ta sunayen uku, ya ƙara da cewa tayar motarta ta hau layi. Gudrun ta haɗiye abin da ya zo mata baki ta gode masa. Samarin uku kuwa, bincike ya nuna, suna cikin jirgin ƙasa na shida saura kwata.

Ta dawo gindin sandar ta tsuguna. Sandar tana kan iyakar gida 14 da gida 16. Ta gefen Haug ga garin ƙarfe na zarto, ga guntun sarƙa, ga ganyen da ya zubo tun Lahadi. Ta gefen 14 kuwa tas, kana iya shanya gari. Tsabtar ta tsaya cak a kan iyaka, kamar an ja da zare.

Ta ƙwanƙwasa wa Frau Lemberger, matar marigayin, a ƙasan gida 14, ta tambaye ta ko ita ta share gaban gida yau.

"Yau Laraba fa, 'yar nan. Asabar ake shara. Kuma kowa da makonsa a gidan nan, wannan ba makona ba ne."

"In kin ga datti fa?"

"In na share a makon wani, ai na ce masa ƙazami ke nan. A gidan nan an yi shekara shida ba a gaisawa a kan haka."

Gudrun ta hau bene. Allon katako na makon shara, wanda ke zagaya ƙofofi duk Lahadi, yana rataye a ƙofar Herr Pfander. Ya buɗe, ya dubi takalmanta kafin ya dubi fuskarta.

"Kai ka share gaban gida da safen nan?"

"Makona ne, ranki ya daɗe."

"Laraba ce."

"Datti bai san Laraba ba."

"Wane irin datti?"

Ya gyara zaman allon a ƙofa. Gudrun ta sake jefa masa wata tambayar.

"Motarka ce toka-tokar nan a ƙofa?"

"Shekara talatin da ɗaya nake ajiye mota a nan."

"Ɗauko makullin ɗakin ajiyarka na ƙarƙashin ƙasa."

Ya ce ba ta da takardar izini, kuma gaskiyarsa. Ta ce za ta samo kafin azahar, amma da 'yan sanda huɗu za ta dawo, kuma an yi ruwa jiya, ba ta da ikon tilasta musu goge ƙafa. Ya dubi matakalar da zai wanke ranar Asabar, ya ɗauko makulli.

Akwatin yana kan kanta tsakanin kwalaben jam, lafiyarsa ƙalau, an ma share masa ƙura. Zarton yana rataye a ƙusarsa.

Ya tambaya, cikin jin haushi, yadda aka yi ta sani. Gudrun ta gaji, amma ta faɗa masa. Ɓarawo daga waje ba ya shara. Haug da zai share, gefensa zai share. Mutumin gida 14 ne kawai zai tsaya a kan iyaka, kuma a cikinsu mai allo ne kawai zai taɓa tsintsiya. Ta kuma san akwatin yana nan, don mutumin da ya kasa barin garin ƙarfe a gaban gidansa ba zai jefa kayan lantarki a kwandon shara ba, wurin karɓarsu kuwa sai Asabar yake buɗewa.

"Bara wa ya wanke jinin maƙwabcinka a ƙofar nan?"

"Ni," in ji shi, murya ƙasa. "Makona ne."

"Ka wanke, ka koma ka ajiye motarka a wurin."

Gudrun ta kira hukumar gari ta ce su zo da wanda zai karanta injin yau, ba Juma'a ba. Suna fitowa za su ofishin 'yan sanda, Pfander ya tsaya a matakala, da gaske damuwa a fuskarsa, ya tambaya ko za a sallame shi kafin Asabar, don makon bai ƙare ba.

Frau Lemberger tana tsaye a nan, ta ji komai. Ta hau a hankali tana dafa bango, ta cire allon daga ƙofarsa, ta sauko da shi ta rataye a tata.

"Je ka, Herr Pfander," ta ce. "Ni zan share."